Agogon yashi na rabin awa, bayan wata takwas ina zaman asuba da shi

Bari in fara da faɗin abin da na saya, don kada wani ya karanta har ƙarshe yana zaton wata na'ura ce mai batir. Agogon yashi ne. Kwalba ce mai ciki biyu da siririn wuya a tsakiya, an zuba mata baƙin yashi an toshe, aka sa ta a cikin katako mai ginshiƙai uku. Tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. Ta intanet na yi odarsa, ya iso cikin kwali an naɗe shi da soso. Ba sunan kamfani a jikinsa, ba takardar bayani, sai lamba 30 da aka buga a gindin katakon, wato minti 30. Wata takwas ke nan ina juya shi kusan kowace asuba, ina ganin yanzu na isa in faɗi abin da ya iya da abin da bai iya ba.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma na faɗi haka ne don mai karatu ya yi mini uzuri in ya ga na cika aune-aune. Hali ne, zanen dutse.

Abin da ya kai ni ga sayensa ba sha'awar kayan ado ba ce. Mahaifina ne ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta yi masa nauyi, hannun dama ya daina aiki. Watanni suka yi ta wucewa ba wani canji. Ina addu'a kullum, amma addu'ar ta koma kamar mai karanta wa Allah takardar bin bashi: ga magani, ga asibiti, ga aiki, ga yara, ka yi, ka yi, ka yi, amin, in miƙe. Kuma a waya nake karanta Littafi Mai Tsarki, a waya nake duba lokaci. Kafin in gama aya uku saƙo ya shigo daga ƙanwata, in ce bari in duba ko wani abu ya faru da Baba, daga nan in leƙa wani, daga wani zuwa wani, sai in ji 'yata ta tashi tana neman kayan makaranta. Laifin ba na wayar ba ne, ni ne ban iya riƙe ta ba.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada na tsaya da wani dattijo a cocinmu, mutumin da ba ya yawan magana. Na ce masa, "Baba, addu'ata ta bushe. Ina faɗa ina faɗa, kamar da bango nake."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in ka gama faɗa, kana tsayawa?"

Na ce, "In tsaya in yi me, Baba?"

"Ka tsaya kawai. Ka rufe bakinka ka zauna a gabansa."

Na ce, "Na minti nawa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ku malamai komai sai da lamba. To, buɗe Ru'ya ta Yohanna sura 8 aya ta 1." Littafin da wata fassarar ke kira Wahayin Yahaya ke nan. Na buɗe, a wayar dai. Wurin nan ne da Ɗan Ragon, wato Yesu, ya ɓalle hatimi na bakwai, aka yi shiru a sama har wajen rabin awa. Dattijon ya ce, "In sama da dukan mala'ikunta ta iya yin shiru rabin awa, kai wane ne? Amma wannan abin da ke hannunka, a wani ɗaki zai kwana."

To, in waya ta kwana a wani ɗaki, da me zan san lokaci? Agogon bangonmu yana da ƙara, cak, cak, cak, da asuba sai ka ji kamar a cikin kanka ake buga shi. Na gwada agogon hannu, na ga duk bayan minti biyu ina ɗaga hannu. Daga nan ne tunanin agogon yashi ya zo mini.

Ranar da ya iso ban ko yi addu'a da shi ba, sai da na auna shi. Na ɗauko agogon gudu na ɗakin gwaji, na juya shi sau goma cikin kwana biyu, ina rubutawa. Ko sau ɗaya bai ba ni minti 30 cif ba. In yashin yana gangarowa ta gefe ɗaya, yakan ƙare a wajen minti 28 da daƙiƙa 40. In aka juya ta ɗaya gefen, sai ya kai minti 31 da 'yan daƙiƙu. Kowane gefe yana riƙe da nasa lissafi, ba ya sauka daga kansa sosai, amma tsakaninsu akwai tazarar da ta haura minti biyu. Dalilin a bayyane yake in ka ɗaga kwalbar a haske: wuyan bai daidaita ba, gangaren wani gefen ya fi na wani tsayuwa. Na sa ɗigon jan biro a kan katakon gefen da ya fi jinkiri. Saboda haka duk wanda yake neman abin auna lokacin jarrabawa, ko wani aikin da minti ɗaya ke da nauyi a cikinsa, kada ya ɓata kuɗinsa. A makon farko wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, har na rubuta wa mai sayarwar saƙo, sai kuma na goge ban aika ba. Ayar ma da dattijon ya nuna mini ba ta ce rabin awa cif ba, "wajen" ta ce.

Aibi na biyu, ba a ganinsa a duhu. Yashin baƙi ne, in ba fitila a kusa, ba za ka san ko ya ƙare ko bai ƙare ba. Da zan sake saye, mai farin yashi zan zaɓa. Yanzu dai ina ajiye ƙaramar fitila a bayansa, hasken ya ratso ta kwalbar, sai siririn zaren yashin ya fito kamar gashi guda.

Na uku, sau biyu ya taɓa tsaya mini cak. Na buɗe ido na ga zaren ya yanke, ga yashi cike a sama. Wata ƙwaya ce da ta fi sauran girma ta toshe wuyan. Ɗan ƙwanƙwasa katakon da farce ya isa, ya ci gaba. Na farkon ban lura da wuri ba, na zauna abin da ya kusa awa ina mamakin yadda rabin awa ya yi tsawo haka, har maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, yau ba makaranta ne?"

Na huɗu, ɗaya daga cikin ginshiƙan katakon ya saki tun wata na biyu, sai da na sa masa gam. Aikin katakon na gaggawa ne, ana gani. Kwalbar kuwa siririya ce, faɗuwa ɗaya daga tebur ta ishe ta. Mai ƙananan yara ya nemi wuri mai tsayi.

Waɗannan su ne aibobinsa, ban ɓoye ko ɗaya ba. Yanzu ga abin da ya sa har yau yana kan teburina.

Ba ya ƙara. Wannan shi ne babban abin. Ba ya kira, ba ya kawo saƙo, ba ya nuna maka cewa saura minti goma sha ɗaya da daƙiƙa shida. In ya ƙare ma ba ya sanar da kai. Da farko na ɗauki wannan a matsayin aibi, don wane irin agogo ne ba zai ce maka lokaci ya yi ba? Amma da na saba, sai na ga ƙararrawar waya tana yanke addu'a kamar yadda ƙararrawar makaranta ke yanke darasi, yara su miƙe tun malami bai rufe baki ba. Wannan kuwa yakan ƙare abinsa a shiru, ya bar ka. In kana tsakiyar wani abu da Ubangiji, ba mai fizge ka. Wani lokaci in buɗe ido in tarar ya daɗe da ƙarewa. Wani lokaci in buɗe ido ina da tabbacin ya ƙare, in tarar ko rabi bai yi ba. Na biyun ya fi yawa, gaskiya.

Kuma ana iya tsayar da shi, abin da ban sani ba sai da buƙata ta koya mini. In yarinya ta yi kuka, sai in kwantar da shi a kan gefensa, yashin ya tsaya inda yake, in je in dawo in tayar da shi.

Makon farko wahala ce zalla, kada wani ya ruɗe ka. An gudu ba a tsira ba: na rabu da kallon waya na koma kallon yashi. Ga shi kuma abin yana da wata yaudara ta ido. Cikin kwalbar yana da faɗi a sama, ya tsuke wajen wuya, saboda haka a minti goma na farko sai ka ga kamar yashin bai rage ko kaɗan ba. Ka zauna, ka zauna, ka duba, yana nan inda ka bar shi. Sai can wajen ƙarshe ka ga yana zubewa kamar ana korarsa. Alhali gudunsa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe.

Wannan na san dalilinsa, don ina koyar da makamancinsa. In ka huda gwangwani cike da ruwa a gindi, ruwan yakan fita da ƙarfi da farko, yana raguwa yana sanyi, domin nauyin ruwan da ke sama ne ke tura shi. Yashi ba haka yake ba. Ƙwayoyinsa suna jingina da juna, suna jingina da bangon kwalbar, sai bangon ya ɗauke yawancin nauyin, abin da ke isa wuyan kaɗan ne kuma kusan ba ya canzawa ko yashin na sama da yawa ko kaɗan. Wani injiniya Bajamushe mai suna Janssen ne ya bayyana wannan a shekarar 1895, sa'ad da yake nazarin yadda hatsi ke danna gindin manyan rumbuna. Shi ya sa yashi ke iya auna lokaci fiye da ruwa a irin wannan kwalba. Na san duk wannan a kai, amma a asubar farko da na zauna ina kallon abin da ya ƙi motsi, sanin bai hana zuciyata cewa ya lalace ba. Haka nake ji game da ciwon Baba a lokacin, kuma ban ji daɗin yadda kwalba ta tona mini asiri ba.

Ga yadda na koma yi, ko zai amfani wani. Nakan karanta ɗan gajeren wuri a Littafi Mai Tsarki na takarda, aya biyar ko shida, ba fiye ba, a hankali, sau biyu. Sai in juya agogon, in tura shi gefe inda sai na waiwaya zan gan shi. In riƙe jimla ɗaya daga abin da na karanta ina bimbini a kanta. In tunani ya ɗauke ni, kuma kullum sai ya ɗauke ni, zuwa takardun jarrabawar da ban duba ba, ko maganar da wani ya faɗa mini shekara uku da suka wuce wadda sai yanzu na samo amsarta, sai in dawo kan jimlar. Ba faɗa da kaina, ba zagin kai. In dawo kawai. Wata asubar nakan dawo sau talatin. Roƙe-roƙena ban daina su ba, amma na mayar da su bayan yashin ya ƙare, kuma na lura sun yi gajeru, sun kuma rage kama da umarni.

Barci ma ya sha kwashe ni. A watan farko sau da yawa nakan farka in ga wuyana ya ƙage, yashi ya daɗe a ƙasa. Abin ya dame ni, don maganar Yesu ga Bitrus a Getsamani tana nan a Matiyu 26:40, inda ya tambaya ko shi da sauran almajiran ba su iya yin tsaro tare da shi ko awa ɗaya ba. Ni rabi ma ya gagare ni. Da na kai wa dattijon ƙara, sai ya tuna mini da Iliya a 1 Sarakuna 19. Mutumin ya gudu daga Yezebel, ya kwanta a gindin wani ɗan itace yana roƙon mutuwa, abin da mala'ika ya fara yi masa shi ne ya ba shi abin ci da ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya. Sai bayan haka ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, inda iska ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikinsu, sai wata 'yar murya siririya a bayansu. Dattijon ya ce, "Ɗana, ka riƙa kwanciya da wuri. Ba kowane barci ne zunubi ba, wani gajiya ce." Na rage zaman dare, na kuma bar kujera mai laushi na koma ta katako. Barcin ya ragu.

Wurin da ya fi zama mini a rai cikin watannin nan shi ne Ishaya sura 30. Na san aya ta 15 tun ina yaro, wadda ke cewa cikin natsuwa da dogara ne ƙarfinku yake. Abin da ban taɓa lura da shi ba shi ne ƙarshen ayar da wadda ke bin ta. Allah ya miƙa wa mutanen Yahuza wannan, suka ƙi. Suka ce a'a, a kan dawakai za mu gudu. Zamanin da Assuriya ke barazana ga Yahuza ne, manyan ƙasa suna aika jakadu Masar neman taimako. Ba mutanen banza ba ne, mutane ne masu tsoro, masu dabara, waɗanda suka ga zama shiru kamar sakaci ne. Na gane su sarai. Ni ma dawakaina suna da yawa: kiran wannan, neman shawarar wancan, karance-karancen intanet a kan ciwon Baba har ƙarfe ɗayan dare. Ba cewa nake neman magani laifi ba ne, har yau muna kai shi asibiti, muna yi masa motsa jiki kamar yadda aka nuna mana. Amma akwai bambanci tsakanin mai yin abin da ya kamata da mai gudu don kada ya zauna ya ji abin da ke cikinsa. Ni na biyun nake yi.

Sai kuma Saul a Gilgal, 1 Sama'ila 13. Ya jira Sama'ila kwana bakwai kamar yadda aka ce masa, mutane suna watsewa, Filistiyawa sun taru, ya kasa, ya miƙa hadayar da kansa. Yana gamawa sai ga Sama'ila. Duk ranar da na waiwaya na ga saura ɗan yashi kaɗan, zuciyata ta ce ai ya ƙare ke nan, tashi, labarin nan nake tunawa. Mintocin ƙarshen sun fi na farko wuya a wurina, ban san ko haka yake ga kowa ba.

Da na ɗan bi tarihin abin, na ga ashe ba baƙo ba ne a gidan Allah. A Ingila, a ƙarni na 16 da na 17, majami'u da yawa suna kafa irinsa a gefen mumbari don auna tsawon wa'azi, har yau akwai tsofaffin majami'un da ƙarfen da ake ɗora shi yake nan. (Da za a dawo da wannan, na san masu wa'azin da ba za su ji daɗi ba.) Matuƙan jiragen ruwa na dā kuwa na rabin awa suke amfani da shi, irin nawa, duk ya ƙare a juya a buga ƙararrawa, bugu takwas ya cika awa huɗu, a canza masu tsaro. Kuma ɗaya daga cikin zane mafi daɗewa da ke nuna agogon yashi yana birnin Siyena a Italiya, aikin Ambrogio Lorenzetti na wajen 1338, inda wata mace da ke wakiltar kamun kai take riƙe da shi a hannu. Kamun kai dai yana cikin 'ya'yan Ruhu da Bulus ya lissafa a Galatiyawa 5.

Amma zaman shirun ya girmi kwalbar nesa ba kusa ba. Markus 1:35 ya nuna Yesu yana tashi da sauran duhu ya tafi inda ba kowa. Kiristocin da suka shiga hamadar Masar a ƙarni na 4 ba su da agogon yashi. An ruwaito cewa wani ya je wurin ɗaya daga cikinsu, Abba Musa, yana neman kalma, ya ce masa ya koma ya zauna a ɗakinsa, ɗakin zai koya masa komai. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka akwai wata albarka a cikin yashin. Babu. Ba laya ba ne. Sanda ce ta mai ɗingishi, ni kuma ina ɗingishi. Maiɗakina ba ta buƙatarsa, takan zauna a bakin gado ta yi shirunta, ba ta taɓa tambayar minti nawa ta yi ba. Har zolayata take yi, wai ni sai an auna mini Allah da awo kamar magani.

Ba zan ce na ji murya ba. Ban ji ba. Yawancin asubahin ba abin da ke faruwa wanda zan iya bayar da labarinsa. Akwai makonni biyu a wata na biyar da na daina kwata-kwata, ina fushi, agogon yana kan tebur ƙura tana hawa. Abin da ya dawo da ni ba wani babban abu ba ne. 'Yata ce, mai shekara shida, ta ɗauko shi da hannu biyu ta kawo mini, zuciyata na dukan uku-uku kada ta sake shi, ta ce, "Baba, yashinka ya gaji da kwanciya." Na karɓa na juya. Ta hau cinyata ta zauna tana kallo. Ta yi wajen minti huɗu ba ta ce uffan ba, wanda a wurinta abin al'ajabi ne, sannan ta zame ta tafi. Washegari na buɗe Zabura 131, inda Dawuda ke cewa ya kwantar da ransa kamar yayayyen yaro a jikin uwarsa. Yaron da aka yaye ba nono yake nema ba, ya zo ne kawai ya zauna.

Baba bai warke ba. Hannun yana nan yadda yake. Maganar ta ɗan saki, amma kalma ɗaya takan ɗauke shi lokaci mai tsawo, bakin ya karkace, ya yi ta kokawa da ita. A dā in na je wurinsa ba na iya jira. Da ya fara "ru… ru…" sai in ce, "Ruwa, Baba? Ga shi." Da ya fara wata, in ƙarasa masa. Ina ganin taimako nake yi. Rabin lokaci ma ba abin da yake nufi nake faɗa ba, sai ya kawar da kai ya yi shiru, ni kuma in ciro waya.

Wata ranar Asabar a watan jiya na zauna a gefen gadonsa. Ya fara wata kalma, ta maƙale. Na ji amsar ta taso mini har bakin harshe, sai na ji kuma wani abu da na saba da shi, irin zaman nan na lokacin da yashi ya ƙi motsi. Na bar bakina a rufe. Ya gwada, ya tsaya, ya haɗiye yawu, ya sake gwadawa. Yatsun hannunsa na hagu suna murza bakin zanen gado. Ban san tsawon lokacin ba, ban auna ba. Da kalmar ta fito, ba ruwa ba ne, ba magani ba ne. Sunan mahaifiyata ne, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce. So yake ya gaya mini ya yi mafarkinta. Ya ɗauki kusan rabin yammacin yana ba ni labarin da mai lafiya zai gama cikin minti biyu, na kuwa ji shi duka. Da ya gama ya kama hannuna ya ce, a hankali, harafi bayan harafi, "Ka zauna." Na ce, "Ina nan, Baba." Ban san sau nawa a watannin baya ya so ya faɗi irin wannan na toshe shi da kofin ruwa ba.

Wannan ne abin da zan iya nunawa in aka tambaye ni ko zaman ya ƙara mini ƙarfi. Ba ni da wata hujja da ta fi ta. A aji ma na lura nakan jira ɗalibi ya gama tunaninsa kafin in kira wani, amma wannan ƙila tsufa ne.

Ga mai son saye, shawarata kaɗan ce. In ba ka taɓa irin wannan zama ba, kada ka fara da na minti 30, akwai na 10 da na 15, fara da su, don na ga rabin awa ya kusa kayar da ni a makon farko. Zaɓi mai farin yashi ko wani launi mai haske. Zaɓi mai gidan katako ko ƙarfe, kada ka ɗauki kwalba tsirara. In ya iso, juya shi sau uku ko huɗu a gabanka ka tabbata ba ya tsayawa, ka girgiza ginshiƙan ka ji ko sun kafu. In kana da hanyar mayarwa, wanda ya tsaya fiye da sau ɗaya a gwajin farko ka mayar da shi. Wanda kuma ya san idonsa ba zai iya barin kallon yashin ba, ya ajiye shi a bayansa. In a ce maki ake bayarwa, a matsayin agogo biyu zan ba shi cikin biyar, aikin katakon ma biyu. A matsayin abin da ya fitar da waya daga ɗakin addu'ata, ban sami wanda ya fi shi ba cikin abin da na gwada.

Abu ɗaya da ban yi tsammani ba: ba ni ke zaɓar gefen da zan samu ba. Inda yashin ya kwana, nan zan ɗaga sama. Saboda haka yau in na samu gajeren, gobe dole dogon, haka suke karɓa-karɓa. Na taɓa tunanin in riƙa juya shi da dare don kullum in tashi da gajeren, har na yi hakan sau ɗaya, na ji kunyar kaina. Yau da asuba na minti 28 na samu. Jan ɗigon yana ƙasa yanzu, gobe shi ne a sama.